Ma'anar "rashin nauyi" a sararin samaniya, da kuskuren jingina shi ga maganaɗisu

Tun daga watan Maris na 2025, lokacin da 'yan sama jannatin Amurka biyu, Sunita Williams da Butch Wilmore, suka dawo duniya bayan kwana 286 a tashar sararin samaniya ta ƙasa da ƙasa, alhali tafiyar kusan kwana takwas aka shirya musu, wata jimla ta zauna a bakin masu fassara labarai da masu sharhi a Facebook. Kowa ya ga yadda aka fito da su daga cikin kumbon aka ɗora a kan gadon turawa, kuma bayanin da aka yi ta maimaitawa shi ne, wai jikinsu ya yi rauni ne saboda "babu maganaɗisun ƙasa a can sama". Na ji haka a rediyo, na ji a majalisarmu ta bayan la'asar a wajen Ƙofar Soro, daga baya kuma ɗalibaina suka fara rubuta mini shi a takardar jarrabawa. Kurakurai biyu ne a cikin wannan gajeriyar jimla, domin abin da ake nufi ba maganaɗisu ba ne, fizgar ƙasa ce, wato jan da ke sauko da komai ƙasa, kuma tana nan daram a inda tashar take.

Kalmar maganaɗisu baƙuwa ce da ta daɗe har ta zama 'yar gida. Daga Larabci muka karɓo ta, su kuma Larabawa daga Girkanci, kuma asalinta sunan wani yanki ne da ake kira Magnisiya, wanda aka jingina masa wani baƙin dutse mai jan ƙarfe. Amma Bahaushe yana da nasa sunan, wanda a ganina ya fi na aro bayyana abin, wato mayen ƙarfe. Duk wanda ya tashi a garin Katsina ya san yadda yara ke ciro shi daga tsohuwar lasifikar rediyo, su ɗaura masa zare su riƙa jansa cikin yashi, ya fito da wani baƙin gari manne a jikinsa kamar gashi, tare da ƙusoshi da allura da murfin kwalbar lemo. Yaron da ke wannan wasa ya sani sarai cewa mayen ba ya kama goro, ba ya kama tsinke, ba ya kama yatsan da ke riƙe da shi. Ko a cikin ƙarafan ma yana da zaɓi, domin babu ruwansa da zinariya ko azurfa ko tagulla. Shi kuwa abin da ke sauko da mangwaro daga bishiya, ya sauko da ruwan sama daga gajimare, ya kuma mayar da guga cikin rijiya idan igiya ta kuɓuce, ba ya zaɓe ko kaɗan, domin auduga da dutse da mutum duk ɗaya ne a wurinsa. Wannan shi ne fizgar ƙasa, wadda Isaac Newton ya fitar da lissafinta a 1687, inda ya nuna cewa kowane abu mai jiki yana jan kowane abu mai jiki, kuma ƙarfin jan ya danganta da yawan abin da jikin ya ƙunsa da kuma tazarar da ke tsakani. Da a ce sunan mayen ƙarfe muka riƙe, babu mai fassarar da zai ce mayen ƙarfe ne ke riƙe da ɗan Adam a doron ƙasa ba tare da kunnensa ya yi masa gargaɗi ba.

Wani zai ce ai suna ne kawai, kuma tunda an fahimci abin da ake nufi a bar shi haka. Da na yarda, in da sunan ba shi da mai shi. Duniya tana da maganaɗisu na gaske, wanda motsin narkakken ƙarfe a can cikin cikinta ke haifarwa, kuma shi ne ke juya allurar kamfas zuwa arewa, har mai neman alƙibla ya samu madogara. Shi ma yana da aikin da yake yi wa jikin ɗan sama jannati, aiki dabam da na fizgar ƙasa, don haka wanda ya ba su suna ɗaya ya haɗe cututtuka biyu masu magani dabam-dabam.

Kuskure na biyu ya fi yaɗuwa, har a tsakanin masu ilimin boko. Tashar tana yawo ne a nisan kusan kilomita 400 daga ƙasa, tazarar da ba ta kai tafiyar mota daga Katsina zuwa Abuja ba, kuma a wannan nisa fizgar ƙasa tana da kusan kashi 90 cikin 100 na ƙarfinta. Da za a gina hasumiya mai wannan tsawo mutum ya hau samanta da sikeli, buhun da ya auna kilo 50 a kasuwa zai nuna kusan kilo 45. To me ya sa muke ganinsu suna shawagi a cikin tashar? Amsar ita ce faɗowa suke yi, su da tashar da duk abin da ke cikinta, a tare kuma da sauri iri ɗaya.

Nakan nuna wa ɗalibai wannan da gwangwanin madara. Mukan huda shi a gefe kusa da gindi, mu cika shi da ruwa, ɗalibi ɗaya ya hau bene yana riƙe da shi, ruwan yana tsartuwa ta hudar. Da zarar ya sake shi, tsartuwar takan tsaya cak har sai gwangwanin ya bugi ƙasa, kuma duk shekara sai an samu wanda ya nemi a sake don bai yarda da idonsa ba. Fizgar ƙasa ba ta je ko'ina ba, ita ce ma take sauko da gwangwanin. Abin da ya faru shi ne ruwan ya daina danna gindin gwangwanin, domin gindin yana gudu ƙasa daidai da yadda ruwan ke binsa. Abin da ya rage shi ne yadda za a yi faɗuwar ta ƙi ƙarewa. A ce mutum ya hau hasumiyar Gobarau ya wurga dutse a miƙe, gwargwadon ƙarfin jifarsa gwargwadon nisan da dutsen zai yi kafin ya sauka. Idan aka fita saman iska aka wurga shi da gudun kusan kilomita 28,000 a awa guda, to yayin da yake faɗowa ita ma duniya tana lanƙwashewa a ƙarƙashinsa saboda siffarta ta ƙwallo, sai ya yi ta faɗuwa ba tare da ya iske ƙasa ba. Haka tashar ke kewaye duniya cikin kusan minti 90, mazaunanta suna ganin fitowar rana sau 16 a kwana guda.

Saboda haka abin da ake kira rashin nauyi shi ne rashin abin da zai tokare jiki. Nauyin da muke ji a kullum matsin da ƙasa ke yi wa tafin ƙafa ne, da wanda tabarma ke yi wa haƙarƙari, kuma jikin ɗan Adam a kan wannan matsi aka gina shi. Ƙashi abu ne mai rai da ake rushewa ana sake ginawa kullum, kuma yawan ginin ya danganta da yawan kayan da aka ɗora masa. Idan kayan suka tafi, ƙashin ƙugu da na cinya da na gadon baya sukan rasa kashi 1 zuwa 1.5 cikin 100 na kaurinsu a kowane wata, asarar da tsohuwa kan yi a cikin kusan shekara guda, sinadarin kalsiyam ɗin da ya narke kuma ya bi fitsari ya ƙara haɗarin tsakuwar ƙoda. Wanda ya taɓa jinyar karaya ya ga yadda ƙafar da aka ɗaure wata biyu ke fitowa a tsotse ya san abin da ke samun tsoka, shi ya sa masu bincike a nan ƙasa suke kwaikwayon yanayin ta hanyar kwantar da lafiyayyun mutane a gado makonni da yawa, kansu ya ɗan yi ƙasa da ƙafafunsu. A tashar kuwa dole ne kowa ya yi motsa jiki na kusan awa biyu a kullum, a ɗaure shi da ɗamara a kan na'urar gudu don a ƙirƙiro masa matsin da ya rasa. Hotunan da ake nuna mana na masu wasa da ƙwallon ruwa a iska suna sa abin ya yi kama da hutu, ni kuwa a wurina ya fi kama da doguwar jinya da ake yaƙi da ita kowace safiya.

Ruwan jiki ma yakan sauya mazauni. A ƙasa jini yana taruwa a ƙafafu, zuciya da jijiyoyi suna faman mayar da shi sama, to idan aka cire jan sai wannan fama ya yi yawa, kusan lita biyu ta koma ƙirji da kai. Fuska ta kumbura, ƙafafu su sirance, hanci ya toshe kamar na mai mura har abinci ya rasa ɗanɗano, shi ya sa da yawansu suke neman mai yaji. Jiki yakan ɗauka ruwa ya yi masa yawa, sai ya rage yawan jinin, kuma wannan ne babban dalilin gadon turawa da muka gani, domin a ranar dawowa ɗan jinin da ya rage yakan zube ƙafafu, mutum ya ji jiri idan ya miƙe. Ba shanyewar jiki ba ce, tsari ne na kariya da ake yi wa masu dawowa daga doguwar tafiya. Valeri Polyakov, likitan Rasha da ya yi kwana 437 a tsohuwar tashar sararin samaniya ta Mir tsakanin 1994 da 1995, da ƙafarsa ya taka daga kumbo zuwa kujerar da aka ajiye masa. Abin da ya fi tayar wa likitoci hankali yanzu shi ne ido, domin a wasu daga cikin masu daɗewa bayan ƙwayar idon yakan ɗan baje, jijiyar gani ta kumbura, kuma ba kowa ne ganinsa ke komawa yadda yake ba.

A cikin kunne akwai wasu 'yan ƙananan tsakuwoyi da ke kwanciya a kan gashi mai laushi, su ne ke gaya wa ƙwaƙwalwa inda ƙasa take. Idan suka daina kwanciya, ido ya faɗi abu ɗaya kunne ya faɗi wani, sai tashin zuciya ya biyo baya, abin da ya fara samun Gherman Titov na Tarayyar Sobiyet a 1961, kuma har yau yana samun fiye da rabin masu zuwa a kwanakinsu na farko. Tsiro ma da irin wannan dabara yake aiki. Manomi a Daura ba ya duba ta wane gefe ƙwayar gero ta faɗa cikin rami, amma saiwa kullum ƙasa take nufa, saboda a bakinta akwai ƙwayoyin sitaci da ke gangarawa su nuna mata hanya. A tashar sai haske da danshi su karɓi wannan jagoranci, kuma da haka aka noma latas ɗin da aka ci a can a 2015. 'Yan tsakin salwa da aka ƙyanƙyashe a Mir a 1990 ba su yi wannan sa'a ba, domin sun yi ta juyawa a iska sun kasa tsayawa su tsattsagi abinci da kansu.

Duk waɗannan babu hannun maganaɗisu a ciki. Aikinsa shi ne karkatar da ƙwayoyin zarra masu gudu da ke fitowa daga rana da sauran taurari, waɗanda ke ratsa jiki su yanka ƙwayoyin halitta, su ƙara haɗarin ciwon daji da yanar ido. Tashar tana cikin wannan garkuwa, ko da yake ta fita daga bargon iska, kuma duk da haka abin da mazauninta ke sha na wannan turiri, wato ƙwayoyin zarran nan masu ratsa jiki, a cikin kusan mako guda ya kai abin da mu muke sha a shekara. Mutum 24 da suka je yankin duniyar wata tsakanin 1968 da 1972 sun yi nisa da garkuwar, kuma tun daga tafiyar Apollo 11, wadda ta fara sauke mutum a kan wata, wasunsu suka ba da labarin walƙiyar haske da suke gani idanunsu a rufe, wato ƙwayoyin nan ne ke ratsa idon. Duniyar Mars, wadda ake ta maganar aika mutane, tana da fizga da ta kai kashi 38 cikin 100 na tamu, amma ba ta da maganaɗisun da ya lulluɓe ta gaba ɗaya kamar yadda namu ya yi. Wanda ya sauka a can bayan tafiyar wata shida zuwa tara zai tsaya da ƙafafunsa, gwangwaninsa zai ci gaba da tsartar ruwa, ƙashinsa zai samu ɗan abin ɗauka, amma zai buƙaci ya kwana a ƙarƙashin tulin ƙasa ko bayan bango mai kauri saboda turirin da ke sauka a kansa dare da rana.