Waiwaye: Yadda gonakin alkama suka cinye dajin furen Batikodiya a yammacin Ostireliya

Duk wanda ya taɓa tauna kanumfari ko ya sha gwaba ya san dangin wannan tsiro, don zuriyarsu ɗaya, har da bishiyar turare da ake dasawa a ƙasar Hausa don tare iska. Sai dai Batikodiya, wanda masana ke rubutawa Verticordia, ba bishiya ba ce. Ƙaramin itace ne, galibi bai kai tsayin mutum ba, kamar dai sabara ko geza. Ganyensa ƙanana ne, gefen furensa kuma a tsattsage kamar gashin tsuntsu. Jinsinsa ya kai ɗari, kuma kusan duka a kudu maso yammacin Ostireliya kaɗai suke fitowa, a wani dajin rairayi mai gajerun itatuwa da 'yan asalin yankin, mutanen Nunga, ke kira kwongan. Wani masanin tsirrai ɗan ƙasar Suwizalan, de Candolle, shi ya raɗa masa suna a 1828, kuma ma'anar sunan a Latinanci ita ce mai juya zukata.

Turawan Ingila sun kafa zango a bakin kogin Swan, a yammacin Ostireliya, a 1829, amma an daɗe ba a taɓa wannan daji ba. Dalili kuwa talaucin ƙasar ne. Rairayin tsoho ne ƙwarai, ruwan sama ya wanke kusan duk abincin da shuka ke buƙata, in ka zuba alkama sai ta yi rawaya ta tsumbure. Ko da aka gano zinariya a Kulgadi a 1892 da Kalguli a 1893, jama'a ta ƙaru, gwamnati ta tura mutane noma, ƙasar laka mai manyan itatuwa suka fara sara. Jigawa kuwa aka raina ta, wannan raini shi ya zame wa furen katanga.

Kimiyya ce ta rushe katangar. A shekarun 1930 da 1940 masu binciken noma suka gano cewa in an haɗa takin sufa da ɗan abin da bai taka kara ya karya ba na sinadarin tagulla da na zinki, rairayin nan zai ba da amfani. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu sai abubuwa suka haɗu: ga tsofaffin sojoji da gwamnati ke raba wa filaye, ga katafila. Akan ɗaura wata ƙatuwar sarƙa tsakanin katafila biyu, a ja ta cikin daji ta kwantar da komai, in ya bushe a cinna wuta. A shekarun 1960, zamanin Firimiya David Brand, taken gwamnatin jihar Yammacin Ostireliya shi ne a share eka miliyan 1 kowace shekara. Kuma manomi ba shi da zaɓi sosai, domin sharaɗin mallakar filin shi ne ya share wani kaso cikin wa'adi. A wasu gundumomin yankin alkama, fiye da kashi 90 cikin 100 na dajin asali ya tafi.

Abin takaicin shi ne an yi gargaɗi tun da wuri. A 1924 wani injiniyan jirgin ƙasa, W. E. Wood, ya rubuta cewa madatsun ruwan da jiragen ke sha suna yin zartsi a duk inda aka sare dajin da ke kewaye. Bayanin ba wuya gare shi ba. Shekaru dubbai iska da ruwan sama na kwaso gishiri daga teku suna jibgewa a ƙarƙashin ƙasa. Itatuwan asali, masu dogayen saiwoyi da ba sa hutu rani da damina, suna shanye ruwan kafin ya nutse. Alkama kuwa saiwarta gajera ce, watanni kaɗan take yi a gona. Sai rarar ruwan ta taru a ƙasa, ta narkar da gishirin, ta taso da shi sama. Yau ƙasar noma fiye da hekta miliyan 1 a jihar ta lalace, wasu kwaruruka sun yi fari fat. Gishirin kuma bai san iyakar gona ba, yana shiga har guntayen dajin da suka tsira.

Sauran furen ma bai huta ba. Masu kasuwar fure sun yi ta yankarsa daga daji suna fitarwa ƙasashen waje, musamman wani jinsi mai farin kai kamar tulin auduga, wanda masanin tsirrai Alex George ya bambance ya sa wa suna a bitar da ya yi wa jinsunan Batikodiya a 1991. Ga kuma cutar ruɓewar saiwa da aka tabbatar a dazuzzukan jihar a tsakiyar shekarun 1960, wadda tayar mota ke yaɗawa cikin taɓo, ga haƙar ma'adinai a rairayin Eniyaba tun shekarun 1970.

An taka burki, amma a makare. A shekarun 1980 aka daina raba sababbin filaye da yawa, a 1992 aka keɓe gandun Lesueur mai tsirrai sama da iri 900 bayan an yi ja-in-ja kan shirin haƙar kwal a wurin, a 2004 kuma aka tsaurara dokar share daji. Yanzu wasu manoma na dasa layukan itatuwa a gonakinsu don janye ruwan ƙasa, wato suna biyan kuɗi a yi musu aikin da dajin ke yi kyauta.

A wurare da dama cikin yankin alkama, in kana son ganin Batikodiya, gefen titi za ka duba, a siririn filin da ke tsakanin kwalta da shingen gona. Nan masu yawon buɗe ido ke tsayar da motoci daga Satumba zuwa Disamba suna ɗaukar hoto. Ma'aikatan gandun daji kuma idonsu na arewa, inda a 2022 aka ga cutar tsatsar ganye mai kama dangin gwaba a yankin Kimbali, karo na farko a jihar.