Me ake nufi da "fotal" a jami'a?

Kwanakin nan duk inda ka juya kalmar fotal kake ji. Shugaban jami'a zai shiga rediyo ya ce sun buɗe sabon fotal, don haka ɓatan sakamako ya zama tarihi. Ɗalibi kuma ya ce fotal ya cinye masa maki. Dukansu suna ɗora wa kalmar kayan da ba nata ba, kuma abin yana ci mini tuwo a ƙwarya.

Asalinta daga harshen Latin ne, porta, wato ƙofa, kuma har yau aikinta ke nan: shafin intanet da ɗalibi zai shiga da lambarsa da kalmar sirri, ya yi rajistar kwasa-kwasai, ya duba sakamako. Su bayanan suna can ciki, a rumbun bayanai, a hannun manhajar kula da bayanan ɗalibai, irin su Banner ta kamfanin Ellucian ko PeopleSoft Campus Solutions ta Oracle. Manhajar Moodle da ake yawan cusawa cikin lissafin ta koyarwa ce, aikinta daban.

Ɗauki ɗaliba guda. Ofishin ɗaukar ɗalibai ya rubuta sunanta ta wata siga, sashenta ya rubuta ta wata, ofishin kuɗi kuma ya juya lambobi biyu a lambar rajistarta. Kowane ofis yana riƙe da nasa jerin a Excel, manhajar jera bayanai a kwamfuta, kowa yana ganin nasa ne daidai. Sai jami'a ta sayi manhaja, aka kwashe jerin nan uku aka zuba yadda suke. Yanzu yarinyar nan ta zama mutum uku: ɗaya ta biya kuɗi ba ta zauna jarrabawa ba, ɗaya ta ci jarrabawa ana binta bashi, ta uku an ɗauke ta ba ta taɓa zuwa ba. Ranar da ta nemi takardar sakamakonta don neman aiki, sai a ce mata fotal ya samu matsala. Alhali shi fotal abin da ke cikin ɗakin ya nuna mata, bai ƙara ba bai rage ba. Ita ce za ta yi watanni tana jele tsakanin ofisoshi uku, aikin kuma ya wuce ta.

Maganin wannan ba sabo ba ne. Tun 1970 Edgar Codd na kamfanin IBM ya shimfiɗa tsarin da yawancin rumbunan bayanai ke bi: kowane bayani a ajiye shi wuri guda, kowane mutum da lamba guda da ba ya tarayya da kowa a kanta. Amma kafin a kai nan sai ma'aikata sun zauna sun tace tsofaffin fayiloli ɗaya bayan ɗaya, sai kuma ofisoshi sun yarda jerin wane ne za a bi. Aiki ne mai cin rai, ba a kiran 'yan jarida a kansa, shi ya sa ake tsallake shi.

Ni dai idan aka sanar da sabon fotal, abin da nake so mai gabatar da shiri ya tambaya shi ne: wa ke da ikon canza makin ɗalibi, kuma idan ya canza, manhajar tana rubuta sunansa da lokacin da ya yi, da makin da ke wurin a da?