Rediyon dijital da masu sauraro a karkarar Kano da Jigawa

Rediyon dijital hanya ce ta watsa shirye-shirye wadda ake mayar da murya zuwa lambobin kwamfuta kafin a tura ta ta iska, sannan akwatin mai sauraro ya sake mayar da ita murya. Ya bambanta da FM da matsakaicin zango da gajeren zango da aka saba da su, kuma ba shi ne sauraro ta intanet ba, domin ba ya cin data.

Tsari uku ne suka fi shahara. DAB ya samo asali a Turai, kuma BBC ta fara watsa shiri da shi a 1995. Amfaninsa shi ne tashoshi da dama kan hau mita ɗaya, su raba kuɗin na'urar watsawa. Amurka tana da nata mai suna HD Radio. Sai DRM, wanda aka kafa ƙungiyarsa a 1998 domin gyara gajeren zango da matsakaicin zango, kuma Indiya ta rungume shi sosai. Ƙasar Norway ce ta fara rufe FM na tashoshinta na ƙasa a 2017. A Najeriya, Muryar Najeriya ta buɗe tashar watsawa a Lugbe, Abuja, a 2012 da na'urori masu iya DRM, amma sauyin dijital da hukumar NBC mai kula da gidajen rediyo da talabijin ta fi mayar da hankali a kai na talabijin ne, wanda aka ƙaddamar a Jos a 2016.

Ko rediyon dijital zai riƙe wa gidajen rediyo masu sauraronsu? A karkara, maganar tana komawa ne kan akwatin da ke hannun mutane. Manomi a Ringim ko Dambatta yana da ƙaramar rediyo mai batir biyu, wadda yake ratayawa a reshen bishiya yana huɗa. Matashi kuwa ƙaramar wayarsa ta Itel ko Tecno ce rediyonsa: ya sa iyafis ya kama Freedom Radio ko Rediyon Jigawa ba tare da ko sisi ba. Babu ɗaya cikin waɗannan da ke kama DAB ko DRM. Sai an sayi sabon akwati, wanda ya fi tsada, ya kuma fi shan batir, a garuruwan da ake biyan mai caji kafin waya ta kawo wuta.

Akwai kuma halin siginar kanta. FM idan ta yi nisa takan yi shuu, amma a juya eriya a ci gaba da jin labarai. Dijital ba ta san haka ba: ko ta fito tangaran, ko ta ɗauke ɗif. Wannan ba ƙaramin abu ba ne ga ƙauyukan da ke ƙarshen inda siginar tasha ke kaiwa, irin na wajen Maigatari. Ta wannan fuska DRM ya fi DAB dacewa da yankin, tunda zangonsa na cin dogon nisa, kuma mutane sun saba da gajeren zango tun da BBC ta buɗe sashen Hausa a 1957.

Masu sauraron da tashoshi ke rasawa ba ƙarancin tsabtar murya ce ta kore su ba. Waya ce ta ja su, inda wa'azi da waƙa da muhawarar siyasa ke yawo a WhatsApp da katin memori, a saurara lokacin da aka ga dama. Shi ya sa tashoshin Kano da Dutse suka bi su can, suna watsa shiri kai tsaye a Facebook da YouTube, suna barin FM yadda take. Abin da ke zaunar da mutane gaban rediyo har yanzu shi ne shirin siyasa na dare, sanarwar rasuwa da ta cigiya, farashin hatsi, tafsirin azumi, da filin da mai sauraro zai buga waya a ji sunan ƙauyensu.