Koyar da kalmomi ta hanyar zane a makarantun firamare

Koyar da kalmomi ta hanyar zane dabara ce da malami ke haɗa sabuwar kalma da hoto, ko abin da ɗalibi ya zana, ya ƙera da yumɓu, ko ya yanka daga kwali. An fi amfani da ita daga aji ɗaya zuwa aji uku.

Dabarar ta daɗe. A shekarar 1658 wani malamin Turai mai suna John Amos Comenius ya wallafa Orbis Pictus, littafin yara da ke jera hotuna tare da sunayensu. A 1971 Allan Paivio, masanin halayyar ɗan Adam ɗan ƙasar Kanada, ya bayyana cewa ƙwaƙwalwa tana adana magana ta hanya ɗaya, siffa kuma ta wata hanyar, don haka kalmar da ta shiga ta hanyoyin biyu ta fi zama. Wani bincike na Jami'ar Waterloo a 2016 ya gano cewa mutane sun fi tuna kalmomin da suka zana fiye da waɗanda suka yi ta rubutawa. Ke nan hoton da ke manne a bango yana da amfani, amma wanda yaro ya zana da hannunsa ya fi shi nesa ba kusa ba.

A Legas ne amfanin wannan ke fitowa fili. Yaron Bahaushe a Agege, Idi-Araba ko Obalende yana Hausa a gida, yana jin Yarbanci da Turancin buroka a layi, a aji kuma ana koyar da shi da Turanci. Dokar jihar ta 2018 ta kuma wajabta darasin Yarbanci a makarantu. Sau da yawa malamar ba ta jin Hausa, shi kuma bai gama kama Turanci ba, sai zane ya zama inda suke haɗuwa. Malama ta ce a zana motar danfo, wato ƙaramar bas ɗin haya ta Legas. Yaro ya shafa mata ruwan ɗorawa, ya ja baƙaƙen layuka biyu a gefe, ya sa kwandasta yana lilo a bakin ƙofa. Daga nan a ja kibiya zuwa taya, gilashi, ƙofa, kujera, a rubuta sunan kowanne. Hoto ɗaya ya ba da sunaye, launuka, har da aikatau kamar hawa da sauka. Kwandon tumatir na kasuwar Mile 12 ma haka yake yi wa darasin ƙirga da siffofi.

Dabarar ba ta buƙatar kuɗi mai yawa: alli, fensir, bayan tsohuwar kalanda. Manhajar ilimin bai-ɗaya ma tana da darasin al'adu da fasaha, sai dai akan ware shi daga darasin harshe, abin da ke jawo asarar dama.

Dabarar tana da iyaka. Kalmomi irin su gaskiya, haƙuri da adalci ba sa zanuwa kai tsaye, sai an bi ta labari ko ɗan wasan kwaikwayo. Aji mai cunkoso kuma yana hana malami duba aikin kowa, har darasin ya koma shafa kala kawai. Wasu iyaye ba sa son a zana abu mai rai saboda dalilin addini, kuma ya kamata a mutunta hakan. Ana iya komawa ga bishiya, gida, kwano da jirgin ruwa, ko a ɗauko salon zayyanar allon sauka, wadda yaran makarantar allo suka sani, a ƙawata kalmar da ita.