Ƙera ƙarafan gini a masana'anta: ina ƙirƙirarriyar basira ta shigo?

Manyan rumbunan ajiya masu ginshiƙan ƙarfe, irin waɗanda ake gani a kamfanonin shinkafa tsakanin Birnin Kebbi da Argungu, galibi ba a filin gini ake yanka ƙarafansu ba. A masana'anta ake auna kowane ginshiƙi, a yanka, a huda ramukan noti, a yi walda da fenti, a rubuta masa lamba, sannan a ɗoro shi a tirela. Aikin da ya rage a fili shi ne ɗagawa da ɗaurewa. Wannan shi injiniyoyi ke nufi da ƙera sassan gini a wajen filin aiki.

Dabarar tsohuwa ce. Hasumiyar Eiffel ta birnin Paris, wadda aka kammala a 1889, guntayen ƙarfenta sama da 18,000 a wata maƙera da ke wajen birnin aka shirya su.

Sabon abu shi ne wanda ke yin aikin, kuma nan ake yawan cakuɗa abubuwa biyu. Injin mai sarrafa kansa, wanda ake kira CNC, umarni kawai yake bi. Injiniya ya zana ginin a kwamfuta da manhaja irin Tekla Structures, a tura wa injin awon, shi kuma ya yanka ya huda. Idan zanen da kuskure, kuskuren zai yanka, babu gardama.

Ƙirƙirarriyar basira kuwa, wato manhajar kwamfuta mai koyo da yanke shawara da kanta (AI), dubawa take yi kafin ta taɓa. Mutum-mutumin walda ya daɗe a kamfanonin motoci, domin can ƙofa dubu duk fasali ɗaya ce, sau ɗaya za a koya masa. Ƙarafan gini ba haka suke ba: wannan ginshiƙi ya fi wancan tsawo, wancan kunnen da ake ɗaure shi da shi yana gefe, wani ma zafin yanka ya ɗan lanƙwasa shi. Shi ya sa ake haɗa wa injin kyamara da hasken leza, ya ƙare wa ƙarfen kallo, ya gwada shi da zanen, ya tsara wa kansa inda waldar za ta bi. Ana kuma horar da manhaja da hotunan walda masu yawa har ta riƙa gane tsaga ko ƙananan ramuka. Akwai kuma manhaja mai shirya yadda za a yanko guntaye daga farantin ƙarfe ɗaya don kada a yi asarar ƙarfe, abin da duk mai walda da ke sayen ƙarfe da tsada zai so.

A ganina, a wurinmu abin da ya fi cancantar kulawa shi ne harsashi. Mai walda na gida, idan ya tarar ginshiƙi bai zauna ba, sai ya yanke kaɗan ya ƙara kaɗan, a wuce wurin. Ƙarfen da ya zo da ramukansa ba ya karɓar wannan sulhu. Idan magini ya dasa kusoshin da ke cikin kankare suka kauce da santimita biyu, ginshiƙin ba zai shiga ba, motar ɗaga kaya kuma tana tsaye, kuɗin hayarta na tafiya. Don haka ɗan kwangilar da ya yi odar irin waɗannan ƙarafa zuwa Jega ko Yawuri, ya fara neman safiyo ya auna masa mazaunin kusoshin tun kafin a zuba kankare.