Damfara a Katsina da hanyoyin kare kai

Damfara ita ce raba mutum da dukiyarsa ta hanyar yaudara, ya miƙa da hannunsa yana zaton alheri zai samu. Da wannan ta bambanta da sata ko fashi. Ana kiran masu yin ta 'yan damfara ko 'yan 419, lambar da aka aro daga sashe na 419 na dokar manyan laifuka ta kudancin Nijeriya. A Arewa kuwa, dokar Final Kot ce ta yi bayanin laifin zamba. Akwai kuma dokar tarayya ta 2006 kan zambar neman kuɗin kafin alƙalami, da ta 2015 kan laifukan intanet.

Damfarar waya da banki

Ta yawaita a yanzu, musamman tun ƙarancin takardun naira na farkon 2023, lokacin da hatta mai tumatir a Babbar Kasuwar Katsina ya koma karɓar tiransifa. Mai kira zai ce shi ma'aikacin banki ne, wai za a rufe asusu in ba a gyara BVN, wato lambar tantance mai asusun banki, ba, sai ya nemi lambobin jikin katin ATM, ko lambar sirri, ko lambar da aka turo ta saƙo yanzu-yanzu. Banki ba ya tambayar waɗannan ta waya. BVN, wadda Babban Bankin Nijeriya ya ƙaddamar a 2014, lamba ce 11, kuma faɗa wa mutum ita da sunansa ba shaida ba ce cewa mai kiran na banki ne, domin irin waɗannan bayanai kan fita ta fom ɗin tallafi na bogi da ake yaɗawa a WhatsApp. Haka ake ƙwace WhatsApp ɗin kansa: a nemi lambobi 6 da aka turo, daga nan a shiga roƙon 'yan'uwan mai layin rance da sunansa.

'Yan kasuwa kuma alat na bogi ke cinsu. Saƙo ya shigo, kuɗi bai shigo ba. A kasuwannin dabbobi irin na Mai'adua da Charanchi, inda ciniki ɗaya kan kai miliyoyi kuma mota na jiran lodi, hoton rasit a wayar mai saye ba ya isa. Mai kaya ya duba abin da ke asusunsa da kansa kafin a kwance igiya.

Tsofaffin salo

Ninka kuɗi da kiran aljanu sun girmi waya, sai dai wayar ta ƙara musu tafiya. A kan kira cikin dare da sauyayyar murya, a ce sarkin aljanu ne, akwai dukiyar da aka ajiye wa mutum, amma ya fara turo kuɗin turare ko na hadaya, kuma in ya faɗa wa wani zai haukace. Sharaɗin ɓoyewar nan shi ne ƙashin bayan aikin gaba ɗaya. Zuba jarin da ke alkawarin riba mai yawa cikin wata guda ma ninka kuɗi ne da ya sa kwat: MMM ta daskarar da kuɗin jama'a a Disambar 2016, CBEX ta rushe a Afrilun 2025. Hukumar SEC, mai kula da kasuwar hannun jari, ita ce ke rajistar kamfanonin zuba jari, kuma ana iya bincika sunan kamfani a wurinta.

Akwai sayar da takardar ɗaukar aiki ta ƙarya, da kujerar Makka mai araha a hannun wanda ba Hukumar Jin Daɗin Alhazai ta jiha ba, ba kuma kamfanin da Hukumar Alhazai ta Ƙasa, NAHCON, ta ba lasisi ba.

Filaye

A unguwannin da gari ke faɗaɗa, ana sayar da fuloti ɗaya ga mutum biyu ko uku, ko wani magaji ya sayar da gonar gado kafin a raba. Mai saye kan tsira in ya taka wurin da ƙafarsa, ya tambayi maƙwabtan filin da mai unguwa, ya kai takardun ma'aikatar filaye a tantance, sannan a rubuta ciniki gaban shaidu. Wasu na jin nauyin neman rubutu a wurin ɗan'uwa ko dattijo, alhali aya mafi tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, umarni ce da rubuta bashi da kafa shaidu. Dillalin da ke cewa wani Alhaji na nan tafe da kuɗi a hannu, a biya yau ko a rasa, yana so ne ya hana wannan binciken.

Bayan an faɗa

Sa'o'in farko su ne masu amfani, domin 'yan damfara kan warwatsa kuɗin zuwa asusu daban-daban nan take. Wanda abin ya shafa ya sa banki ya toshe kati da asusu, in wayar ce ta ɓace ya sa a rufe layin, ya adana saƙonni da lambar asusun da ya tura wa, ya kai ƙara wurin 'yan sanda ko hukumar EFCC. Idan banki bai warware ƙorafi ba, ana ɗaukaka shi zuwa sashen kare haƙƙin masu hulɗa da bankuna na Babban Banki. Wanda ya sake kira yana cewa zai dawo da kuɗin in an biya shi wani abu, galibi cikin mutanen farko yake.