Waiwaye: Yadda Kano ta fi ƙarfin taswirarta

Jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, kuma ba a daɗe ba gyaɗa ta mai da birnin cibiyar cinikin Arewa. Kuɗin gyaɗa da na fatu su suka share wa masana'antun Bompai hanya. A farkon shekarun 1960 wani masanin tsara birane mai suna Trevallion ya zana wa birnin tsarin raya shi na shekara 20, daga 1963 zuwa 1983, aka ware wurin zama, wurin masana'anta da inda tituna za su bi. Da aka ƙirƙiro jihar a 1967, gwamnatin Audu Baƙo ta gina madatsar Tiga. Unguwannin masana'antu na Sharaɗa da Chalawa suka cika da masaƙu, majemu da kamfanonin roba.

Daga 1986 tafiyar ta fara tangal-tangal. Shirin gwamnatin tarayya na yi wa tattalin arziki garambawul, wato SAP, ya karya darajar naira, kayan gyaran injina suka yi tsada, wutar lantarki ta zama sai an ga dama. Masaƙu suka riƙa rufewa, Kantin Kwari ya koma sayar da atamfar China. Jama'a kuwa ba su daina kwararowa ba: ƙidayar 2006 ta nuna ƙananan hukumomi takwas na ƙwaryar birnin suna da mutum sama da miliyan 2.8.

A ganina nan ne aka yi babban sake. Da masana'anta ta ja baya, fili ya zama hajar da ta fi kowace riba. Dokar filaye ta 1978 ta danƙa ƙasa a hannun gwamna, amma a bayan gari dillalai ne ke yanka gonaki, abin da Kanawa ke kira awon igiya: ba kwata, ba filin makaranta, wani lungun ko motar kai gawa ba ta shiga. A cikin gari aka cike kududdufan da ke shanye ruwan damina, aka gutsure badala, aka dasa shaguna a kan magudanai. Ambaliyar da ta shiga Kwari a 2022 ba daga sama kaɗai ta zo ba.

A Yunin 2023 gwamnatin Abba Kabir Yusuf ta rushe shagunan Filin Idi da gine-ginen tsohon otal ɗin Daula, tana cewa gwamnatin Ganduje ta cefanar da filayen jama'a. Babbar Kotun Tarayya ta ce a biya 'yan kasuwar Filin Idi diyyar naira biliyan 30. Gwamnati ɗaya ta ba da takarda, wadda ta gaje ta ta turo katafila, mai neman kafa masana'anta a Kano kuma yana kallo.